Ɓarawon tunkiya ɗaya da masu satar ƙasa sukutum

Duk sanda maganar Ostireliya ta taso sai ka ji wani ya ce ai waɗannan jikokin ɓarayi ne, Ingila ce ta kwashe fursunoninta ta zuba a can. Toh maganar ba ƙarya ba ce gaba ɗaya, daga 1788 zuwa 1868 Birtaniya ta loda mutum wajen 162,000 a jiragen ruwa ta kai su can, mata a ciki sun kai kusan 25,000, kuma yau ana ƙiyasta cewa cikin mutum biyar na ƙasar ɗaya yana da kaka a cikinsu. Amma masu wannan zolayar ba sa tsayawa su tambaya me mutanen nan suka sata, kuma wa ya rubuta dokar da ta kama su. Masu kisan kai ba su da yawa a ciki, don su yawanci a gida ake rataye su. Mafi yawa ƙananan sata ce, agogo, yadi, takalmi, sannan ga dubbai da laifinsu dabba ce, tunkiya ko saniya ko doki ko alade. Ni waɗannan na ƙarshen ne suka tsaya mun a rai, saboda duk wanda ya bi labarinsu har ƙarshe zai ga cewa tsananin hukuncin da aka yi musu ba tsananin son adalci ba ne, masu tumakin ne kawai ke riƙe da alƙalamin rubuta doka.

A 1741 majalisar Ingila ta mayar da satar tunkiya laifin rataya ba sassauci, shekarar da ta biyo baya aka haɗa da shanu, doki kuwa tun kafin nan da daɗewa rataya ce. Kafin farkon shekarun 1800 laifukan da ake iya kashe mutum a kansu sun haura 200, kuma galibinsu laifin taɓa dukiya ne ba taɓa rai ba. Su waye a majalisar? Dokar lokacin ta ce ba ka wakiltar gunduma sai filayenka na kawo maka fam 600 a shekara, wakilin birni fam 300, alhali leburan gona idan ya samu sule 8 ko 9 a sati ya gode Allah, kuma ko ƙuri'a ba shi da ita. Hatta zomon daji da tsuntsaye, tun 1671 an ce ba mai farautarsu sai wanda filinsa ke kawo fam 100 a shekara, wato talaka yana gani zomo na cinye masa shuka amma in ya ɗana tarko ya zama mai laifi.

Abun da ya fi ci mun rai shine batun makiyaya. A da kusan kowane ƙauye a Ingila yana da fili na kowa da kowa, inda mara gona zai saki saniyarsa ɗaya ko 'yan agwaginsa, matarsa ta yi itace, yara su samu madara. Tsakanin 1750 da 1850 majalisa ta zartar da dokoki wajen 4,000 na killace irin waɗannan filaye, ƙauye bayan ƙauye, manyan masu ƙasa su kai takarda majalisar da abokansu ke zaune a ciki, a turo masu awo, a raba, a kafa shinge. Wanda ke da takardar shaida sai a yanka masa ɗan guntu, sau da yawa kuɗin shingen da na lauya ya fi ƙarfinsa ya sayar, wanda kuma haƙƙinsa na gado ne kawai, tun kaka da kakanni muke kiwo a nan, shi ba ya samun komai. Sai a wayi gari mutumin da ke da saniya jiya yau ba inda zai kiwata, ya sayar ya koma lebura, filin da ya taso yana kiwo a ciki kuma cike da tumakin wani. In ya tsallaka shingen da dare ya yanka ɗaya sunansa ɓarawo, hukuncinsa igiya. Wanda ya haɗiye makiyayar gari guda kuwa ba wanda ya kira shi da wani suna, shine ma sau da yawa alƙalin yankin da za a fara kai ƙarar gabansa.

Kar wani ya ɗauka wanke ɓarayi nake yi. Duk wanda aka taɓa kwance masa dabba ya san zafin abun, kuma ba duk waɗanda aka kama ba ne yunwa ta kora. Akwai ƙungiyoyi da sana'arsu kenan, su kora garke da dare su kai wa mahautan da suka san su, a feɗe a ɓoye fatar saboda a jikinta alamar mai ita take, da safe nama na kan tebur a kasuwa. Kuma ba kullum attajiri ake yi wa satar ba. John Kelly, mahaifin shahararren ɗan fashin Ostireliya Ned Kelly, aladu biyu ya sace wa wani manomi a Tipperary ta ƙasar Ayilan, aka yanke masa shekara 7 a 1841 aka tura shi tsibirin da yanzu ake kira Tasmaniya, kuma a Ayilan ta wancan lokacin alade shine abun da ƙaramin manomi ke sayarwa ya biya kuɗin hayar gona, in babu shi mai ƙasa ya kore shi. Don haka laifi dai laifi ne. Amma duba yadda dokar ta auna: wanda ya shiga garke rataya, wanda ya sayi kayan satar yana sane, wanda in ba don shi ba sana'ar ba za ta ɗore ba, shi shekara 14 ne a ƙasar waje. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Sannan tsananin ma bai yi aikin da aka ce zai yi ba. A kotunan Ingila mutum 12 'yan gari ne ke cewa wanda ake tuhuma ya aikata ko bai aikata ba, kuma da yawansu sun kasa haɗiye a kashe ɗan adam a kan tunkiya, sai su wanke shi ko su rage laifin da gangan, wasu masu dabbobin ma ba sa kai ƙara don kar jinin maƙwabci ya hau kansu. Waɗanda aka yanke wa kisan kuma mafi yawansu daga baya akan sauya musu da kora daga ƙasa. Wato an rubuta doka mai ban tsoro a takarda amma a aikace caca ce, wannan a rataye shi, wancan mai laifi iri ɗaya ya samu limamin coci ko wani babba ya rubuta masa takardar roƙo a sassauta. Sai 1832 aka cire kisa daga satar dabbobi, aka maye gurbinsa da kora ta har abada, wato shekara 91 ana rataye mutane a kan tumaki kuma tumakin ba su daina ɓata ba.

Ita korar tun farko Amurka ake yi, mutum wajen 50,000 aka kai Bajiniya da Merilan ana sayar da aikinsu ga masu gonakin taba, har yaƙin neman 'yancin Amurka ya rufe ƙofar a wajen 1776. Gidajen yari suka cika maƙil, sai aka koma zuba mutane a tsofaffin jiragen ruwa da aka ɗaure a kogin Tems, cuta na ta kwasarsu. A 1785 har an yi shawarar a kawo su nan Afirka ta Yamma, wani tsibiri a cikin kogin Gambiya, aka fasa saboda an ga zazzaɓi zai gama da su, in da an yi da watakila yau wani labarin muke ba wannan ba. A ƙarshe aka tsaya a kan Ostireliya. Jirage 11 suka tashi daga tashar Fotsmos ta Ingila a watan Mayu 1787 ƙarƙashin Arthur Phillip da fursunoni sama da 700, wata takwas suna kan teku, suka kafa sansani a inda Sidni take yau ranar 26 ga Janairu 1788.

Ayari na biyu a 1790 shine ya nuna darajar ran mutanen nan a idon gwamnatinsu. An ba da kwangilar jigilar ga wani kamfani da dama can sana'arsa safarar bayi ce daga Afirka, a kan fam 17 da sule 7 da sisi kowane kai da aka loda, ya isa da rai ko bai isa ba kuɗin ɗaya ne. Ka ga kenan duk wanda ya mutu a hanya riba ce, abincinsa ya ragu a sayar a can. Cikin mutum kusan 1,000 sama da kashi ɗaya cikin huɗu suka mutu a teku, waɗanda suka sauka da yawa ko tsayuwa ba sa iya yi. Daga baya an gyara, aka sa likita a kowane jirgi mutuwar ta ragu sosai, amma ba wanda aka hukunta a kan wancan.

Nasan abun da wasu za su ce, ai ƙarshenta alheri ya zame musu, kuma suna da misali mai ƙarfi. Mary Reibey marainiya ce da ba ta kai shekara 15 ba aka kama ta da dokin sata tana sanye da kayan maza, aka yanke mata shekara 7, ta sauka Sidni a 1792. Ta yi aure, mijin ya rasu a 1811 ya bar ta da yara bakwai da kasuwanci, ta riƙe ta bunƙasa shi da jiragen ruwa da gidaje, bankin farko na ƙasar ma a gidanta ya fara aiki a 1817, yau hotonta ne a jikin takardar dala 20 ta Ostireliya. Gaskiya ne kuma da yawa daga cikin waɗanda suka yi biyayya sun samu takardar sassauci tun kafin wa'adinsu ya cika, suka yi aikin kansu, wasu suka samu fili, suna cin naman da a Ingila sai dai su ji ƙamshinsa. Amma ni labarin Mary a wurina hujja ce a kan dokar ba hujjarta ba, yarinyar da doka ta ce ta cancanci igiya ita ce da ta samu jari da sarari ta zama attajira, toh matsalar a jininta take ko a ƙasar da ta taso? Kuma a bayan kowace Mary akwai dubbai da ba wanda ya buga hotonsu, waɗanda suka sha bulala 50 ko 100 a kan gardama da ubangida, waɗanda suka ƙare da mari a ƙafa a sansanonin horo na Fot Ata ko tsibirin Nofok, da matan aure da aka bari a ƙauyukan Ingila da Ayilan, miji yana raye amma har abada ba za a sake ganinsa ba, don ko wa'adin ya cika ba mai biya masa kuɗin jirgin komawa, in kuma ya dawo kafin ya cika rataya ce.

Lokacin babbar yunwar Ayilan da ta fara a 1845, sanda dankali ya ruɓe a gona mutum wajen miliyan ɗaya suka mutu, satar tumaki da shanu ta yi tashin gwauron zabi, kuma kotuna suka ci gaba da tura mutane Tasmaniya a daidai lokacin da ake loda shanu da hatsi daga tashoshin Ayilan ɗin zuwa kasuwannin Ingila. A nan dole mutum ya tuna Sayyidina Umar, Allah ya ƙara masa yarda, wanda ya dakatar da yanke hannu a shekarar yunwa, kuma da aka kawo masa bayin Haɗib ɗan Abi Balta'a sun sace raƙumar wani mutumin ƙabilar Muzaina sun yanka sun ci, da ya gane ubangidansu ne ke barinsu da yunwa sai ya ƙyale su ya juya kan Haɗib ɗin, ya sa shi biyan ninkin kuɗin raƙumar, dirhami 800 maimakon 400. Mai raƙuma bai yi asara ba, kuma hukuncin ya sauka a kan wanda ya haddasa satar. Fiye da shekara dubu bayan haka alƙalan daular da ke cewa ita ta kawo wa duniya wayewa ba su kai nan ba.

Yanzu ga inda labarin ya fi muni, kuma shine masu zolayar jikokin ɓarayi ba sa kaiwa. Me aka kai mutanen nan su yi a can? Da yawansu kiwo. Gwamnati kan raba fursunoni ga masu manyan filaye su yi musu aiki kyauta sai ci da sutura, kuma arzikin Ostireliya na lokacin ulu ne, gashin tumaki da ake kai wa masaƙun Ingila, wanda ya iya dabba kuwa ko ta hanyar sata ya koya shi ake rububi. Filayen kuma na waye? Na Aborijin ne, mutanen da suka shafe dubban shekaru masu yawa a wurin, Birtaniya ta ɗauki ƙasar a matsayin wadda ba ta da mai ita, ba yarjejeniya ba ciniki ba ko sisi, kuma sai a 1992 babbar kotun Ostireliya ta yarda a shari'ar Mabo cewa wannan ikirarin ba shi da tushe. Tumaki da shanu suka cinye ciyawar da namun dajinsu ke ci, suka ɓata wuraren shan ruwa, Ba'aborijine ya ji yunwa ya soki tunkiya da mashi, sai shi ma ya zama ɓarawon dabba a ƙasar kakanninsa. Abun da aka yi wa talakan Ingila da shinge shi aka maimaita a nan da bindiga, kuma talakan da aka kora ɗin shi aka miƙa wa bindigar.

A 1828 a Kef Girim da ke Tasmaniya, makiyaya huɗu fursunoni masu yi wa wani babban kamfanin ulu aiki suka kashe Aborijin wajen 30, wai ramuwar tumakin kamfani da aka kashe, ba wanda aka gurfanar. A watan Yuni 1838 a Mayal Kirik da ke gabashin Ostireliya, wasu masu kiwon shanu, fursunoni da tsofaffin fursunoni, suka ɗaure Aborijin aƙalla 28 da igiya, yawanci mata da yara da tsofaffi, suka karkashe su suka ƙona gawarwakin. Wannan karon an yi shari'a, zaman farko aka wanke su, a na biyu aka samu bakwai da laifi aka rataye su a Disamba, amma wanda ya jagorance su, ɗan masu fili ne ba fursuna ba, ya ɓuya kuma har ya mutu bai taɓa tsayawa gaban alƙali ba. Ban ce a ji tausayin bakwai ɗin ba, abun da suka yi ya wuce a nema musu uzuri, zalunci da aka yi maka ba lasisi ba ne. Ina dai nuna cewa ko a nan igiyar ta san wuyan da take kamawa. Sannan a yammacin ƙasar aka buɗe kurkuku a tsibirin Rotnes tun 1838, aka riƙa kai maza da yaran Aborijin wajen 3,700 cikin kusan shekara ɗari, da yawansu a kan sukar tunkiya ko saniya, wasu an taso su daga nesa da sarƙa a wuya, ɗaruruwa suka mutu a can. Wato ƙasar da aka kafa don jefar da ɓarayin dabbobi ita ma ta yi nata tsibirin na jefar da ɓarayin dabbobi.

Dalilin da yasa nake ganin wannan ba tatsuniyar Turawa ba ce kawai, mu ma duk sanda satar shanu ta yi ƙamari maganar da ake ji ita ce a tsananta, a kashe, kar a kai kotu ma. Na fahimci zafin, wanda aka kore wa garken da ya tara shekara talatin ba ya buƙatar lacca daga wurina. Amma a Zamfara a shekarar 2000 an yanke hannun wani mutum a kan saniya, duniya duk ta ji, kuma shekara goma da 'yan kai bayan nan a jihar dai aka koma kora shanu garke garke da manyan bindigogi. Ba shari'ar nake tuhuma ba, masu aiwatarwa nake tambaya su wa ta kama su wa ta tsallake. Shanu ɗari ba sa shiga aljihu, sai an samu dillali, an samu mai tirela, an wuce shingen jami'ai nawa a hanya, an samu mai saye a kara da ya ga farashin ya san ba na halal ba ne ya kau da kai. Waɗanda ake zaunarwa a ƙasa gaban kyamara kuwa yawanci samari ne da silifas. Ga burtali da makiyaya da aka yi ta yankawa ana rabawa manya da takarda da hatimi, wanda shi ba a kiransa sata. In ana so a tsananta ni ban ƙi ba, amma a fara daga kara da ofishin filaye, kuma a tabbatar ana kamawa, don ɓarawon da ya san ba za a kama shi ba ko wuta aka ce hukuncinsa ba ruwansa. Ita kanta Ingila sai 1856 ta wajabta wa kowace gunduma kafa 'yan sanda, kafin nan ta fi shekara ɗari tana tsoratarwa da igiya ba tare da mai kamawa na kirki ba.

Kuma da ta tashi daina korar ba tausayin ɓarawon tunkiya ne babban dalili ba. Turawan da suka je Ostireliya da kansu ne suka fara bore cewa ba sa son a ci gaba da zuba musu fursunoni suna karya musu farashin ƙwadago suna ɓata musu suna, aka tsayar a yankin Sidni a 1840. Sai kuma aka gano zinare a 1851, mutane na sayar da duk abun da suka mallaka don su biya kuɗin jirgi zuwa Ostireliya, sai abun ya zama abun dariya a ce gwamnati na kai mai laifi can kyauta da sunan horo, Tasmaniya ta rufe a 1853. Yammacin Ostireliya kaɗai ta rage, ita kuma da bakinta ta roƙa a kawo mata saboda tana neman leburori masu arha da za su yi mata hanyoyi da gine-gine, aka kai mata maza wajen 9,700 har zuwa jirgin ƙarshe da ya sauka Firimantil a Janairu 1868.